Sailuba ta Huɗu

Geza,
Watan Agusta.

Zuwa ga Yayata Mero,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya jikin Aminat, haƙoran sun gama fitowa? Mu nan lafiya lau, sai ruwa da ya yi yawa har ya fara taɓa gonar Baba ta fadama.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Duk lokacin da kika kira wayar Inna, a tsakar gida ake miƙo mini ita, kowa ya tsaya yana saurare. Shi ya sa ba kya jin komai daga bakina sai "lafiya lau". To, ba lafiya lau ba ne. Zan ba direban motar Birnin Kebbi ya kawo miki wannan, kuma don Allah ki karanta ke kaɗai.

Kin ji na zo ta ɗaya a jarrabawar fita firamare, an kuma ba ni gurbi a sakandare a Bagudo. Abin da ba a gaya miki ba shi ne abin da ya faru ranar ba da kyauta.

A Bagudo aka yi taron. An gayyato manyan matan ƙasar nan su zauna a gaba, wai don 'yan mata su gan su su yi koyi. Cikinsu akwai Hajiya Sailuba ta Kaoje, mai injin casar shinkafa, wadda Baba ke sayar wa amfanin gonarsa. Akwai Malama Sailuba ta Illo, tsohuwar ungozomar da ta karɓi haihuwata. Akwai kuma Sailuba zabiya, 'yar'uwar Baba da ke aure a tsallake, ƙasar Benin. Ban san wanda ya jera su a benci ɗaya ba, amma bai kyauta mini ba.

Da aka kira "Sailuba Lauwali Geza", na tashi na nufi gaba. Kafin in kai gaban teburi su ukun sun miƙe. Zabiya ta rangaɗa guɗa, Hajiya ta kama hannuna, Malama tana lalube ta riƙe bakin hijabina. Sai suka tsaya suna kallon juna. Hajiya ta ce, "Baiwar Allah, sakar mini ɗiya, sunana aka sa mata." Zabiya ta ce, "Sunanki? Ina wurin aka raɗa shi. Ke kina ina, bakin tukunya?" Mai lasifika ya ɗauka wasa ne, ya ce a tafa wa Sailubobi. Aka tafa. Na waiga in ga Baba, kujerarsa ba kowa.

Yaya, tun ina ƙarama, duk sallah Inna kan miƙo mini kaya ta ce, "Daga takwararki." Atamfa, takalmi, wani lokaci har kwanon shinkafa mai kyau. Ni a zatona mace ɗaya ce mai yawan kyauta. Ashe su uku ne, kowace a garinta, kowace ta tabbata ita kaɗai ce.

Ga inda matsalar take. Kowace ta aiko wa Baba cewa tunda na gama firamare, lokaci ya yi da za a ba ta takwararta ta riƙe, kamar yadda aka saba. Ni kuwa makaranta nake so. Wata mai zuwa za a buɗe, kuma hedimastanmu Malam Jamaluddeen ya ce wadda ba ta je da wuri ba, wata za a ba gurbinta. Baba ya ce ba zai iya kai ni Bagudo ba alhali manya uku na jiran amsa, sai an san mai haƙƙi tukuna. Wa zai sani in ba shi ba? Na tambayi Inna, ta ce ita tana ɗaki tana jego, ba wanda ya shawarce ta.

Ke fa, kin sani? Na san lokacin kina wurin Kaka, amma ko kin taɓa ji a bakin wani? Ki taimake ni.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Sailuba.

Geza,
Farkon Satumba.

Yaya Mero,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara. Na ji daɗi da Aminat ta samu sauƙi. Saƙonki ya iso ta bakin direba, cewa ba ki sani ba, in tambayi Goggo. Na tambaye ta, kuma da ma ban tambaya ba.

Sai da Goggo ta yi dariya ta share hawaye kafin ta iya magana. Ta ce shekarar da aka haife ni ruwa ya rufe hanya, Malama ta shigo kwale-kwale ta zo, kuma Inna ta sha wuya ƙwarai. Da aka samu kaina, Baba don murna ya ce wa Malama sunanta zai sa. Ruwan nan kuwa ya cinye shinkafarsa, babu halin ragon suna. Hajiya ta ji, ta aiko da rago. Da ya je godiya ya rasa abin da zai ce, sai ya ce mata ai sunanta za a sa. Ranar suna Zabiya ta iso daga tsallake, ta ji an ce Sailuba, ta yi guɗa ta ce ɗan'uwanta ya tuna da ita, ta yi waƙa har la'asar. Baba ya yi murmushi, bai gyara mata zance ba. Goggo ta ce, "Ubanki bai yi wa kowa ƙarya ba, Luba. A'a ce bai iya ba."

Kin san maganin da Baba ya samo? Wai in je in gaida kowace, in kwana biyu, ko wata za ta ga ban yi mata ba ta haƙura.

Kaoje na fara zuwa. Yaya, ban taɓa ganin mace irin Hajiya ba. Tun asuba tana tsaye, mata wajen ashirin na turara shinkafa a bayan gida, inji na ƙara, ita kuma muryarta ta fi ta injin. In an kawo shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ƙwaya ɗaya take ɗauka ta ciza, ta faɗi fadamar da aka noma ta. Ta zaunar da ni a kan buhu ta ba ni tarihinta, ko ruwa ban sha ba. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana. Da rabin duro na aro ta fara gumi, tana turara shinkafa, tana ɗauka a ka zuwa kasuwa. Shekarar da ruwa ya kwashe gonakin Kaoje, kowa na zaune yana jimami, ita ta tsallaka Benin ta sayo shinkafa ta ci gaba da aiki. Ta nuna mini hannayenta, duk tabon ƙuna. Ta nuna mini buhu mai sunanta a jiki, ta ce ita ba ta iya karanta shi ba, an dai ce mata sunanta ne. Abin da take so da ni ke nan, in riƙa karanta mata takardu, don 'ya'yanta maza in sun karanta mata abu, rabi suke faɗa. Ta ce, "Boko mi zai ba ki? Ni da ban shiga aji ba, masu boko ke mini dako." Daga nan ta ce, "Za ki zo ko?"

Na ce to.

Ban san yadda ya fito ba. Ta kafe ni da ido, matan nan duk sun daina aiki suna kallona.

Zabiya ba ta jira an kai ni ba, ita ta zo, a bayan kabu-kabu, da 'yan amshinta biyu. Unguwa ta cika gidanmu. Ita ma sai da na ji tarihinta, amma ita da waƙa ta ba da shi. A nan Geza aka haife ta, tana 'yar shekara goma ta fara bin wata tsohuwar zabiya tana amshi, aka yi mata duka a kan haka har aka gaji. Da ta yi aure a tsallake ta koyi Dandanci da Fulatanci, yanzu da harshe uku take waƙa. Rediyon can na sa ta. Ta ce daga Lolo har Kaoje ba a sa ranar biki sai an tambaya ko tana da sarari. Akwai shekarar da muryarta ta dushe, mutane suka ce ta ƙare, ta dawo ta yi waƙa a kan su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Yanzu wai waƙoƙin sun yi mata yawa tana mantawa, tana son mai rubuta mata, mai yi mata amshi kuma.

Ni, Yaya. Ni da in baƙo ya shigo nake ɓuya a bayan rumbu. Ta ce in ɗan rera ta ji, na kasa. Ta ce wa mutane, "Kun ji? Murya na nan, kunya ce ta danne ta. Wata ɗaya a hannuna sai kun toshe kunne." Ta juyo ta ce in shirya kayana. Gida cike da mutane. Kin san abin da na ce.

Ina jin haushin Baba, ina jin haushin kaina fiye da nasa. Saura Illo.

Ki sa ni a addu'a. Inna na gaishe ki.

Taki,
Sailuba.

Geza,
Bayan Mauludi.

Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya, an kuma yi Mauludi lafiya. Yau ba zan tsawaita gaisuwa ba, raina a ɓace yake.

An buɗe makaranta. 'Yan ajinmu biyu da na fi su maki sun tafi. Na gan su a bakin hanya da akwatunansu, ni ina ɗauke da tallan kuɓewar Inna. Malam Jamaluddeen ya zo gida da kansa, Baba ya yi masa shimfiɗa, ya yi ta godiya, ya ce in Allah ya so. Malam ya ce ya roƙi a ɗan jira ni, amma ba za a jira har ƙarshen wata ba.

Na je Illo. Na tafi da niyyar wannan karon zan buɗe baki, har na yi ta maimaita maganar a cikin mota. Amma Malama ba irin su ba ce, kuma wannan ne ya fi wuya. Gidanta ƙarami, ita kaɗai, 'ya'yanta na nesa. Idonta ya yi yana, inuwar mutum kawai take gani. Ta shafa fuskata ta ce na yi tsawo. Ba ta ba ni tarihinta ba, maƙwabciyarta ce ta ba ni. Ita ce mace ta farko a unguwarsu da aka sa boko, har aka daina gaisawa da mahaifinta a kan haka. Ta yi karatun ungozoma ta dawo gida. Fiye da shekara talatin tana karɓar haihuwa, na wannan gefen da na tsallake, ba ta tambayar mace ƙasarta. In ruwa ya cika, kwale-kwale take shiga. Maƙwabciyar ta ce rabin samarin da ke tsaron shaguna a kasuwar Illo ita ta yanke musu cibiya, shi ya sa in ta shiga kasuwa ba mai karɓar kuɗinta. Har yanzu mata na zuwa ƙofarta, tana taɓa ciki ta ce wannan a tafi asibiti yau, wannan a jira.

Da zan tafi na ga tana neman takalminta da ƙafa, ɗaya ya shige ƙarƙashin gado. Na ɗauko mata. Ta ce, "Kin ga abin da nake fama da shi. In kin zo, ki zama idona, ni kuma in koya miki abin da ke hannuna kafin in tafi da shi." Ba ta matsa ba. Ko kallona ba ta iya yi. To ta yaya zan ce mata a'a?

Yanzu su uku na da "to" ɗina a hannu. Kuma kin san abin da Baba ya yi? Duk wadda ta aiko tambayar rana, sai ya ce Juma'a mai zuwa. Dukansu. Goggo ta tambaye shi ko ya san abin da yake yi, ya ce ai gara su haɗu su daidaita tsakaninsu, manya ne.

Hajiya ta aiko da akwati. Zabiya ta aiko da jaka mai ƙyalli. Malama ta aiko da Ghana-mas-go. Suna jere a ɗakin Inna, kowa ya shigo sai ya tambaya aure za a yi mini.

Kin ce in faɗa wa Baba gaskiya. Yaya, ke ce mai baki a gidan nan, kuma kin tafi da shi Birnin Kebbi.

Ƙanwarki,
Sailuba.

Bagudo,
Watan Oktoba.

Zuwa ga Yayata Mero,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai tarin yawa, ke da maigida da Aminat da sauran yara. Ya aiki, ya hidima? Ki dubi sunan garin da na rubuta a sama. Amma kada ki yi saurin murna, bari ki ji yadda aka yi.

Ranar Juma'ar, Baba ya yi sallar asuba ya ce zai leƙa fadama ya dawo. Fadamar da ruwa ya shanye, ban san abin da zai leƙa ba.

Hajiya ta fara isowa, a motar ɗaukar shinkafa. Sai Zabiya. Malama ce ta ƙarshe, wani jikan maƙwabta ya kawo ta. Inna ta shimfiɗa tabarma ɗaya, suka ƙi, sai da aka shimfiɗa uku. Ni ina ɗaki ina leƙe ta labule.

Sun daɗe suna gaisawa, irin gaisuwar da ke da ƙaya a ciki. Zabiya ta ce, "Hajiya, ya hayaƙi?" Hajiya ta ce, "Lafiya lau. Ya yawon gidajen mutane?" Daga nan aka shiga magana. Hajiya ta ce ba a suna sai da rago, kuma ragonta aka yanka. Zabiya ta ce rago an cinye shi tun ranar, amma waƙar da ta yi har yau ana tunawa, kuma ita jini ce. Hajiya ta ce jinin da bai kawo ko kaza ba. Malama ta ce ita dai ta san an yi mata alkawari tun yarinya ba ta da suna. Kowace ta ce ai yarinyar da bakinta ta amsa mata. Nan suka gane kowace na ce mata to.

Goggo ce ta shigo ta jawo ni waje. Ta tsayar da ni a tsakiya ta ce, "To, ɗiyar Lauwali, ga su nan. Wa za ki bi?" Mata sun cika zaure, yara a kan katanga. Na sunkuyar da kai. Hajiya ta ce in yi magana, ita tana da wuta a ƙarƙashin tukunya. Zabiya ta ce a bar ni, ai kowa ya ga inda idona ke kallo. Ƙasa nake kallo, Yaya.

Sai Malama ta ce a matso mata da ni. Ta ce ta saba da matan da ba su iya faɗin inda ke musu ciwo a gaban mutane. Ta ja kaina ta ɗora bakina a kunnenta, ta rufa mana gyalenta, ta ce, "Ba mai jin ki sai ni." Na faɗa mata. Ta ce, "Tun yaushe?" Na ce tun ina aji huɗu. Ta ce, "Da kika zo Illo fa?" Na ce na ji tausayinta. Hannunta bai bar wuyana ba.

Ta yaye gyalen ta ce, "Ba ta son ko ɗayanmu. Makaranta take so, kuma gurbinta na shirin tafiya muna nan muna rabon ta."

Zabiya ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce shekara goma sha uku tana tufatar da ɗiyar wasu, ta sa direba ya ɗauko akwatinta, ta ce a gaya wa Lauwali bana ya nemi wani mai sayen shinkafarsa. Har yanzu ba ta sauko ba. Goggo ta ce za ta sauko, Inna ta ce ba ta sani ba. Malama ta ce in riƙe Ghana-mas-go ɗin, ai makaranta ma da kaya ake zuwa. Da za ta tafi ta yi ta lalube tana neman bakin ƙofa. Wannan abin bai bar ni ba har yau, kuma ina jin haushi, don ban ga laifin da na yi ba.

Baba ya dawo bayan magariba, ƙafarsa ko taɓo babu. Da aka gaya masa ya ce alhamdu lillahi, da ma abin da yake so ke nan.

Goggo ta kawo ni Bagudo ranar Litinin. Gurbin aji na nan, amma gadon kwana an ba wata. Ina zaune wurin wata ƙawar Goggo kusa da kasuwa, ina yi mata wanke-wanke da ɗebo ruwa, in taka zuwa makaranta. An yi nisa a lissafi, ina kwafa a littafin wata. Turanci ne ke ba ni wuya, sauran da sauƙi.

Yanzu ga abin da ya sa na ce kada ki yi murna. Zabiya ta yi waƙa. Ta sa Hajiya da ragonta, ta sa Baba da fadamarsa, ta sa ni, "Sailuba mai raɗa, ta huɗu a Sailubobi". Ta rera a wani biki a Lolo, aka ɗauka a waya, ga shi waƙar ta riga ni isowa Bagudo. Masu kabu-kabu na sa ta. Mai kantin da nake sayen sabulu in na shiga sai ya miƙo kunne. A aji kuwa, duk safiya in malam ya kira sunana, ajin gaba ɗaya sai su amsa da raɗa, su kwashe da dariya.

Na yi kuka kwanakin farko. Jiya da ya kira, ban jira su ba. Na amsa da ƙarfi, ƙarfin da ban san ina da shi ba, har malamin ajin kusa ya leƙo ta taga. Malam ya ɗago kai ya dube ni, ya ce ya ji, ba kurma ba ne, in zauna.

Na zauna. Yau ba wadda ta yi raɗa.

In kin samu hali ki aiko mini da takalmi baƙi da safa, an ce silifas ɗina ba za su ƙara shiga aji ba. Ki gaida maigida, ki shafa mini kan Aminat.

Ƙanwarki mai son ki,
Sailuba Lauwali,
Aji ɗaya.